Hancin Abdulmajid

A cikin Hausawan Madina da suka taɓa fita harbin kurciya, babu wanda bai san hancin Abdulmajid ba. Kakansa ne ya zo aikin hajji da ƙafa daga wajen Katsina bai koma ba, ubansa ya tashi a gonakin dabino da bindiga a kafaɗa, shi kuma ya gaji sanin albarushi daga wurin uban. A zamanin da harsashi ke wuyar samu, mutane kan tara kwanson da suka harba su sake cika shi da hannu, kuma duk wanda ya tsinci tsohon gwangwanin albarushi, wurin Abdulmajid yake kawowa. Sai ya buɗe murfin, ya kaɗo iskar bakin gwangwanin zuwa fuskarsa da tafin hannu, ya lumshe ido. Mai kyau yana da ɗan ƙamshi kamar sibirit ɗin asibiti. Wanda ya lalace kuwa tsami yake yi mai yaji, ya soki hanci har ido ya kawo ruwa. In ya ce wannan ya mutu, ba mai yi masa musu.

Yanzu shekarunsa sittin da tara. Ya daɗe da barin aikin gyaran motocin alhazai, yana zaune a unguwar Bani Harisa da matarsa Ƙaltume, kuma rabonsa da bindiga ya fi shekara goma sha biyar. Tun zazzaɓin korona da ya kwantar da shi mako uku, hancin nan ya daina aiki. Ba ya jin turare, ba ya jin gahawa, ba ya jin ƙaurin tukunya. Bai faɗa wa kowa ba. Ƙaltume kaɗai ta gane, ranar da ta dawo daga unguwa ta tarar gida ya cika da warin gas, shi kuwa yana zaune a falo yana yanke farce. Ta rufe tukunyar gas ɗin, ta buɗe tagogi, ta tsaya tana kallonsa. Ya ce mura yake yi. Ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai tun daga ranar ba ta barinsa shi kaɗai a gida in ta ɗora girki.

A farkon watan Agusta, lokacin da zafin Madina ke hana tsuntsu tashi, Sa'id ya kira shi. Sa'id ɗan ƙanwarsa Halimatu ne, ma'aikacin ofis mai shekara talatin da 'yan kai, yana zaune a unguwar Aƙiƙ tare da uwarsa. Ubansa Abdulsalam ya rasu da hunturu, ya bar musu 'yar gonar dabino a Al-Awali. Sa'id yana son rushe tsohon ɗakin ƙasa da ke cikin gonar ya gina wurin hutawa, to wajen kwashe tarkace ne aka ci karo da gwangwanaye uku a cikin akwatin katako.

Sa'id yana jin Hausa sarai, amma rabin maganarsa Larabci ce, ko kawu ma Khali yake cewa. Ya ce, "Ya Khali, barud ne, albarushin Baba. Da bindigarsa shozan da kwansuna cike da buhu. Ka zo ka duba mana. Wa zan kira in ba kai ba?"

Abdulmajid ya so ya ce ƙafarsa na ciwo. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Zo ka ɗauke ni gobe da safe."

Gonar tana bayan wata doguwar katanga. Sabiru ne ya buɗe musu ƙofa, mutumin Abeshe a ƙasar Chadi, wanda ya haura hamsin, siriri, mai ƙaton tafin hannu irin na masu hawan dabino. Shekara goma sha huɗu yana yi wa marigayin aiki. Ya gaishe da Abdulmajid da hannu biyu, ya shige gaba ya kai su ɗakin.

Ɗakin yana da sanyi da duhu, taga ɗaya ce ƙarama. Akwatin na ƙasa a buɗe. Biyu daga cikin gwangwanayen na madarar gari ne, babu wani rubutu a jikinsu da ya shafi abin da ke ciki. Na ukun shi ne na asali, baƙi, da rubutun boko da ya koɗe, tsatsa ta zagaye murfinsa.

Abdulmajid ya durƙusa da ƙyar. Ya nuna na madarar ya ce, "Waɗannan biyun ka cire su daga ranka. Albarushin da ya bar gidansa ba a sanin ko wane iri ne, ido ba ya faɗa. Wani na shozan ne, wani na wata bindigar daban, in ka zuba wanda ba shi ba, bindigar a fuskarka za ta tsage."

Wannan gaskiya ce, kuma bai buƙaci hanci ba kafin ya faɗe ta. Ya ji daɗin muryarsa. Ya ƙara da cewa abin da ya fi dacewa shi ne a kira Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, su zo su kwashe duka.

Sa'id ya girgiza kai. "La, la, ya Khali. Takardar bindigar Baba ta mutu tun ban gama makaranta ba. Su zo su fara tambaya, ina zan sa kaina? Ni dai ka faɗa min ko akwai hatsari. In baƙin nan yana da kyau, in lokacin kurciya ya zo sai ka koya min cikawa, in harba da na Baba ko sau ɗaya ne." Ya zaro waya ya ɗaga. "Bari in ɗauka, in sa a guruf ɗin dangi. Yara su ga yadda ake yi."

Abdulmajid ya dubi wayar. Akwai wata hanyar da ya sani: a zuba kaɗan a kan farar takarda a fita da shi haske, in an ga jar ƙura kamar garin tsatsa, to ya lalace. Amma bai taɓa neman takarda ba a rayuwarsa, kuma duk wanda zai kalli hoton nan ya san haka. Ya murɗe murfin, ya ƙi buɗuwa, ya ƙara ƙarfi har ya saki. Ya kaɗo iskar zuwa fuskarsa. Ya lumshe ido.

Babu komai. Kamar ya shaƙi bakin kofin da aka wanke.

Daga bakin ƙofa Sabiru ya yi tari sau biyu, ya ja da baya zuwa waje.

Sa'id ya yamutsa fuska a bayan wayar. "Wannan warin fa, Khali? Haka yake dama?"

Nan ne ya kamata ya tsaya. Daga baya ya sha komawa wurin nan a ransa, ya ga kansa a durƙushe da gwangwani a hannu, amsa tana kan harshensa. Abin da ya fito shi ne, "Haka tsohon albarushi yake. Warin gwangwanin ne da ɗakin. Lafiyarsa lau."

Ya buɗe sauran biyun ma, ya yi musu yadda ya yi wa na farko, ya ce ba su da hatsari in dai ba a harba su ba. Sannan, don ya rage wa zuciyarsa nauyi, ya ce a bar su a inuwa wuri mai sanyi, kada a taɓa har sai ya dawo ya sake dubawa da kyau. Sa'id ya ce, "Tayyib," yana ta danne-dannen waya. Sabiru ya cika musu kwali da ɗanyen dabino ya sa a mota.

Kafin ya isa gida hoton ya riga shi. Ya tarar da Ƙaltume zaune a bakin gado, wayarta a cinya.

Ta kira shi da alkunyarsa ta ce, "Abu Mu'azzam, me ka ji a cikin gwangwanin nan?"

"Abin da na faɗa."

"Ni za ka gaya wa haka? Yaron nan ya ce yana jin wari. A hoton ma ana jin tarin mutum."

"Ƙura ce. Ke me kika sani game da albarushi?"

"Ban san komai ba. Na san gas dai." Ta ajiye wayar. "Ka kira shi ka faɗa masa. Ciwo ne Allah ya ɗora maka, ba sata ka yi ba."

Ya ce ai ya hana su taɓawa, kuma ɗakin ƙasa ne mai sanyi, abin da ya shekara ashirin a wurin ba zai tashi a mako ɗaya ba. Ya ce zai koma da kansa ranar Asabar da farar takarda. Ta dube shi, ta tashi ta shiga kicin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsofaffin abokansa suka tare shi. Hoton ya zaga har wurinsu. Ɗaya ya dafa kafaɗarsa yana dariya ya ce, "Hanci yana nan, masha Allah!" Abdulmajid ya yi murmushi. An daɗe ba a tare shi a ƙofar masallaci don wani abu nasa ba. Asabar ta zo, zafi ya yi yawa, ya ce sai Litinin. Sau biyu yana nemo sunan Sa'id a waya, ya zuba masa ido har hasken ya mutu.

Abin da bai sani ba shi ne, tun ranar Lahadi masu rushe ɗakin suka zo. Sa'id ya sa aka ɗauke akwatin aka kai cikin kwantenar ƙarfe da ke ƙarshen gonar, inda Sabiru ke ajiye kayan aiki da 'yar jakarsa. A ganinsa ai inuwa ce, tunda akwai rufi. Kwantenar kuwa da tsakar rana ko hannu ba a iya ɗora mata.

A rana ta tara, bayan azahar, waya ta yi ƙara. Halimatu ce, tana kuka har ba a gane maganarta sosai. "Yaya, gobara a gona. Sabiru ne, Yaya. Sabiru ya ƙone."

A asibiti ya ji yadda aka yi, daga bakin ma'aikatan gonar maƙwabta da suka jawo shi. Sabiru yana kishingiɗe a gindin dabino sai ya ga hayaƙi ja-ja yana fita ta ƙofar kwantenar. Fasfonsa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, suna cikin jakar, da atamfofin da ya daɗe yana tarawa don bikin 'yarsa. Ya ruga ya shiga. Bai kai ga jakar ba wutar ta tashi gaba ɗaya, ba da ƙara ba, da wani irin huci, ta cika kwantenar har ta fito ta ƙofa. Ya kare fuskarsa da hannuwa. Hannuwan ne suka ɗauki mafi yawa.

Sa'id yana tsaye a barandar asibitin, farar rigarsa duk baƙin toka. Wani jami'in Difa'ul Madani ya riga ya yi masa tambayoyi, an ce ya koma ofishinsu da safe. Da ya ga kawunsa sai ya kama hannunsa ya ja shi gefe.

Ya ce a hankali, "Na goge hoton daga guruf, na ce kowa ya goge. Ban ambaci sunanka ba, kuma ba zan ambata ba. Ni na sa aka kai shi cikin ƙarfe, laifina ne. Kai ka ce wuri mai sanyi." Idonsa ya cika. "Kada ka sa wa ranka komai, ya Khali. Ka duba iyakar saninka. Ƙaddara ce."

Abdulmajid ya nemi kujera ya zauna. Ƙaltume tana gefe, ba ta dube shi ba.

Sai da aka kwana shida kafin a bar kowa ya shiga wurin Sabiru. An naɗe hannuwansa har gwiwa, an ɗora su a kan matashi. Gefen fuskarsa ɗaya ya kumbura, gashin girarsa babu. Likita ya ce sun yanke yatsu uku a dama, biyu a hagu, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Abdulmajid ya shiga shi kaɗai, ya yi masa sannu.

Sabiru ya yi magana da ƙyar, leɓɓansa a fashe. "Alhaji, ina so in tambaye ku wani abu. Kada ku ga rashin kunyata."

"Tambayi."

"A garinmu na yi farauta da ƙuruciya. Ba irin saninku gare ni ba, amma na taɓa jin warin wanda ya lalace. Ranar nan da kuka buɗe, tun daga ƙofa ya shiga idona. Na ce a raina, wannan ai shi ne. Sai kuka ce lafiyarsa lau." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Na ce to, ni wane ne? Da aka kai shi kwantena ma warin ya ƙaru, har ƙusoshin akwatin suka yi ja. Na faɗa wa Sa'id, ya ce Khali ya duba. Kwana shida ina kwance ina juya abin. Ku da kuka sa hancinku a bakinsa, yaya aka yi ba ku ji ba?"

Na'urar da ke gefen gadon tana ta ƙara a hankali. Abdulmajid ya dubi farin bandejin.

Ya ce, "Ba na jin wari, Sabiru. Shekara huɗu ke nan. Ko mushe aka ajiye a gabana ba zan ji ba."

Sabiru ya daɗe yana kallonsa da idon da bai kumbura ba. "Kun san haka kuka buɗe?"

"Na sani."

Sabiru ya mayar da kansa wajen bango. Abdulmajid ya zauna har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokaci ya yi.

Daga asibitin bai koma gida ba. Ya tari mota zuwa Aƙiƙ. Ya samu Halimatu da Sa'id suna shirin cin abincin rana, ya ƙi zama, ya faɗa musu a tsaye, kalma ɗaya bai rage ba. Halimatu ta ɗora hannu a ka tana salati. Sa'id ya miƙe a hankali, ya yi magana da Hausa tsantsa, abin da kawunsa bai taɓa ji daga bakinsa ba tun yana yaro.

"Na tambaye ka, Kawu. Na ce maka ina jin wari. Kwana shida ba na iya cin abinci, ina cewa ni na ƙona mutumin da ke goya min 'ya'ya a gonar nan. Kana kallona a asibiti ina ba ka haƙuri."

"Haka ne."

"Da 'ya'yana na kai gonar ranar Talata. Sun yi wasa a jikin kwantenar."

Abdulmajid bai san wannan ba. Ya dafa bango.

Halimatu ta ce, "Yaya, ka tafi gida yanzu. Don Allah ka tafi."

Washegari ya sa Ƙaltume ta fito masa da katinsa, ya je ofishin da ake binciken. Jami'in saurayi ne mai ladabi, ya ba shi kujera, ya rubuta duk abin da ya faɗa, ya karanta masa, ya sa hannu. Ya tambaye shi ko akwai wasu da ya taɓa duba wa irin wannan kaya tun bayan ciwon. Abdulmajid ya ce babu. Ya tambaye shi ko ya san wasu gidajen da ake ajiye da tsohon albarushi. Ya san guda huɗu, duk na abokansa ne, waɗanda ya ce musu yana da kyau shekaru ashirin da suka wuce. Ya faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya. A cikin makon aka bi gidajen aka kwashe. A ɗaya daga ciki, an samu gwangwanin a saman kabad ɗin ɗakin da jikoki ke kwana, gindinsa ya riga ya cinye. Duk da haka biyu daga cikin mutanen ba su sake amsa sallamarsa ba, don sun sha tambayoyi kuma an karɓe bindigoginsu.

An karɓe bindigar marigayi Abdulsalam ma. Sa'id ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi har ƙarshen shekara kafin maganar ta mutu. Ginin wurin hutawa bai tashi ba, dabinon bana kuma rabinsa a kan itace ya bushe, don ba a samu mai hawa da wuri ba.

Sabiru ya yi wata uku a asibiti. Kullum da hantsi Abdulmajid yana zuwa da kunun da Ƙaltume ta dama, ya zauna ya ba shi da cokali, ya goge masa baki. Sabiru yana karɓa, yana cewa an gode, ba ya ƙara komai. Da aka sallame shi, likita ya ce hannuwan ba za su sake riƙe igiya ba, balle hawan dabino. Aka yi masa sabuwar takardar tafiya, ya ce gida zai koma.

Ranar tafiyar, Sa'id ne ya tuƙa su zuwa filin jirgi, Abdulmajid a baya. A bakin wurin da ba a wucewa, maɓallin rigar Sabiru na sama ya ɓalle, ya yi ta ƙoƙarin mayar da shi da guntayen yatsunsa ya kasa. Abdulmajid ya matsa ya saka masa. Yana tsaye dab da shi haka ya ce, "Sabiru, ka yafe mini."

Sabiru ya dubi ƙasa. Ya ce, "Alhaji, kun ciyar da ni wata uku, Allah ya gani. Ina so in ce na yafe, amma in na faɗa yau ƙarya zan yi muku. Ku bar ni in je gida tukuna, in ga yadda zan ci abinci a gaban 'ya'yana."

Sa'id ya rataya masa jakar a wuya. Sabiru ya shiga layi, ma'aikacin ya miƙo hannu don karɓar takardarsa, Sabiru ya ɗan daɗe kafin ya iya zaro ta daga aljihu.